Yadda ake mayar da sassaƙen malaina takarda ba tare da an ɓata ruwan unguwa ba

Wanda ya daɗe yana bin gadar Third Mainland a Legas ya san gungumen da a da ake gani kwance a kan ruwa ta gefen Ebute Metta, wajen masu yankan katako na Oko Baba, ya kuma san hayaƙin dusar katakon da aka shekara da shekaru ana ƙonawa a bakin ruwan. Kaɗan gaba, a Shomolu, masu ɗab'i na sayen takardar da aka sauke a Apapa da tsadar dala. Ga abin yin takarda ana cinna masa wuta, ga takarda ana jiran jirgi ya kawo. Masana'antunmu uku na gwamnati, ta Jebba da ta fara aiki a 1969, da ta Oku-Iboku ta 1986, da ta Iwopin a Jihar Ogun, duk sun durƙushe a shekarun 1990. Amma malainar da aka shuka domin ta Iwopin a dazukan Omo da Oluwa tana nan, kafintoci ke cin moriyarta.

Abin da zan nuna a nan shi ne yadda muke yi a ɗan filin bayan gida a Agege, ni da ƙanena: kullun takarda daga sassaƙen katako, babu sinadarin kibiritu, babu kulorin, babu tukunyar matsi.

Sai ka fara sanin abin da kake faɗa da shi

Itace zare ne da danƙo. Zaren shi ne selulos, kusan rabin nauyin busasshen itace. Danƙon da ya manne zaruruwan shi ne lignin, wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Duk aikin yin kullu bai wuce raba zaren nan da juna ba. Manyan masana'antu suna narkar da danƙon ta hanyar da ake kira kiraf, wadda Bajamushe Carl Dahl ya fito da ita a 1879: soda da sinadarin kibiritu a zafin digiri 170. Takardar tana da ƙarfi, babu musu, sai dai garin da masana'antar take yana kwana cikin warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma rabin itacen ne kawai ke fitowa kullu. In aka zo faranta shi da iskar kulorin, sai a samu dayoksin a ruwan da ake zubarwa, guba ce da ke taruwa a jikin kifi.

Mu ba ma narkar da danƙon duka. Muna tausasa shi da soda kaɗan, injin markaɗe ya ƙarasa aikin, sannan mu faranta da haidirojin feroksaid, wanda in ya gama aikinsa ruwa da iskar shaƙa yake komawa. Kamar wake ne: in ya jiƙu, dutse ba ya wahala.

Zaɓen itace

Malaina ce zaɓina na farko. Asalinta daga Indiya da maƙwabtanta ne, shuka ta ake yi, tana isa sara a shekara 6 zuwa 8, in an sare ta kuma ta sake tofo daga kututture. Ba ta da nauyi, fara ce, soda na ratsa ta da wuri. Bayan ita sai obeche, wanda Yarbawa ke kira arere. Ka guji loko da maɗaci da duk katako mai duhu da nauyi. Ruwan da za su fitar kamar shayin da aka manta a wuta, su cinye maka soda a banza, kuma mafi yawansu daga dajin da ba mai sake shukawa ake saro su. Filawud da katakon da aka matse da gam da wanda aka yi wa fenti ko maganin gara, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Ba dusa za ka saya ba. Dusar da zarto ke zubarwa zarenta ya riga ya gutsuttsure, zaren malaina kuwa da ma wajen milimita ɗaya ne kawai. Abin da kake so shi ne sassaƙen nan mai nannaɗewa da ke fitowa daga injin da ke kankare katako ya yi santsi, irin wanda masu kiwon kaji ke saye su shimfiɗa. Ka je wurin kafinta ranar da yake aikin malaina zalla, ka ba shi buhunka. In ka sayi gauraye daga tsibi, rabin tukunyarka zai yi laushi rabi ya ƙi.

Ka tankaɗe shi da rariya mai faɗin ido don dusa da yashi su zube, ka tsince ɓawo da ƙusa. Sannan ka auna danshinsa, don duk lissafin da ke tafe a kan busasshen nauyi yake. Ɗauki giram 100, ka shanya a rana ko kusa da murhu har sikeli ya daina sauka. In giram 80 ya rage, ke nan kilo ɗaya da giram 250 na abin da ke buhunka shi ne busasshen kilo ɗaya. Duk ma'aunin da zan ambata na wannan kilo ɗayan ne.

Kayan aiki, da maganar tukunya

Soda irin ta masu sabulu, siliket na ruwa da su ma suke sakawa, da feroksaid mai ƙarfin kashi 50, duk akwai su a kasuwar sinadarai ta Ojota. Gishirin Epsom a kyamis. Sai sikeli mai auna giram, ma'aunin zafi, takardar gwajin pH (mai nuna tsamin ruwa ko kaifin sodar da ke cikinsa), safar hannu ta roba mai kauri, gilashin kare ido, da durom uku na roba.

Tukunya dole ta zama sitenles, farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Na san dalilin da nake nanatawa. Gwajina na farko a tukunyar dalma na yi shi, irin ta biki, da na aro wurin maƙwabciyarmu mai tuwo. Ko minti goma ba a yi ba ruwan ya fara tafasa da kansa tun wuta ba ta kama sosai ba, yana fitar da wata iska mai shaƙe maƙogwaro, cikin tukunyar ya yi baƙi ƙirin ya rarake. Soda cin alminiyam take yi, iskar da ke fita kuwa haidirojin ce, mai kamawa da wuta. Da na mayar mata, ta juya tukunyar ta duba, ta ce, "Malam, tuwon me ka tuƙa a ciki?" Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, sabuwa na nan tafe." Kuɗin tukunyar ya fi na sinadaran wata guda.

Ruwa ma a duba shi. Rijiyoyi da burtsatse da yawa a Legas suna da ƙarfe a ruwansu, ƙarfe kuwa kashe feroksaid yake yi tun bai taɓa kullu ba. Gwajin mai sauƙi ne: haɗa shayi ba madara da ruwan. In ya yi baƙi kamar tawada, akwai ƙarfe. Ruwan sama da aka tara a durom ɗin roba ya fi, mu kuwa a nan ba ma rasa shi daga Afrilu zuwa Oktoba.

Wanki da dafuwar farko

Zuba sassaƙen a ruwan zafi, kamar digiri 70 zuwa 80, ka danne shi da murfi ya nutse na awa ɗaya, ka tsiyaye. Wannan yana fitar da iskar da ke cikin itacen da wasu abubuwa masu launi. In gungumen ya taɓa kwana a ruwan lagun, wato tafkin nan na Legas mai gishiri, kamar yadda na Oko Baba suka saba yi a da bayan an jawo su ta ruwa daga Ondo da Edo da Delta, to akwai gishiri a jikinsa, sai ka wanke sau biyu.

Yanzu soda. Giram 100 a cikin lita 6 na ruwa. Ruwan za ka fara zubawa, sannan ka riƙa barbaɗa sodar kaɗan-kaɗan kana juyawa da muciya, ba a zuba ruwa a kan soda, don zafin da take yi nan take zai iya watso maka ita a fuska. Safa a hannu, gilashi a ido, yara a ɗaki. In ta fantsama a ido, a wanke da ruwa mai gudu na minti 15 a wuce asibiti.

Zuba jiƙaƙƙen sassaƙen, ka rufe, ka riƙe zafin tsakanin digiri 80 da 90 na awa biyu zuwa uku. Ba a son tafasa mai ƙarfi, ruwa kawai za ta ƙone. Kowane minti 20 ka juya na ƙasa ya dawo sama. Za ka ga ruwan ya koma kalar zuma, daga baya kalar kofi. Gwajin nuna: ciro ɗaya, ka ɗauraye, ka murza tsakanin yatsu biyu. In ya tsage tsaye ya zama zare-zare kamar dafaffen nama, ya yi. In karyewa ya yi gida biyu, da saura. Ni nakan kashe wuta da magariba in bar shi ya kwana a ruwansa, da safe ya fi laushi, gawayi kuma ya ragu.

Wasu kan fara da naman kaza kafin soda. A turara sassaƙen, a bar shi da danshi, a gauraya da irin naman kazan nan fari da ake nomawa a leda, a ajiye a inuwa mako biyu ko fi. Irin wannan naman kaza lignin yake ci, don haka niƙa ke yin sauƙi. Yana aiki, amma a damunar Legas koren funfuna yakan riga shi kama buhun, shi ya sa ban mayar da shi dole ba.

Ka tsiyaye baƙin ruwan a durom na musamman. Kada ɗigo ya shiga kwata. Za mu dawo kansa.

Markaɗe

Injin da masana'antu ke barje itace da shi faranti biyu ne masu haƙora, ɗaya na juyawa a kan ɗaya. Wato injin markaɗen tattasai da ke kowane lungu, sai dai girma. Amma ka sayi naka, ko tsoho ne. Kada ka kai wa mai markaɗen unguwa abin da ya sha soda, bayanka wata za ta kawo waken ƙosai.

Ɗauraye sassaƙen sau ɗaya, ka niƙa shi da ɗuminsa, don in ya huce danƙon ya sake tauri. Zagayen farko a buɗe faranti sosai, ana zuba ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan, abin da zai fito kamar dambu mai tsinke-tsinke. Zagaye na biyu a ɗan matse. A nan ne mutane ke kuskure: sai a ɗaure faranti tun farko don a gama da wuri, injin ya yanka zaren ya mayar da shi gari. Gari ba ya zama takarda. Murza ake so, ba yanka ba, shi ya sa tsohon faranti da haƙoransa suka dakushe ya fi sabo a wannan aiki. Tsaya a zagaye na biyu, ka wanke, ka matse a buhun auduga.

Farantawa

A lita 9 na ruwa mai tsabta ka narkar da gishirin Epsom giram 2, sai siliket giram 30, sai soda giram 15, a bisa wannan jeri, kana juyawa. Epsom da siliket su ne ke tsare feroksaid kada ya lalace da wuri. A ƙarshe ka zuba feroksaid mililita 50, wanda ya kai kamar giram 60. Mai kashi 50 ɗin nan ba irin na wanke ciwo ba ne: yana ƙona fata ta yi fari, in ya zuba a tsumma ko dusa yana iya tayar da wuta, kuma ba a toshe bakin jarkarsa gam ko a bar ta a rana.

Zuba kullun nan take, ka cakuɗa sosai, ka riƙe shi a digiri 70 na awa biyu. Dabarar da muke yi: mu ɗura shi a leda mai kauri, mu bar bakin a sake don iska ta fita, mu tsoma ledar a tukunyar ruwan zafi, muna murza ta lokaci-lokaci. Launin zai tashi daga ruwan ƙasa ya koma kalar madara. Ba zai kai farin takardar ofis ba, kada ka ƙara sinadari kana bin sa. In ka ga kumfa mai yawa tun minti biyar na farko, ƙarfe ya shiga, ko daga ruwa ko daga farantin injin. Wanki ne bai isa ba.

Bayan awa biyu ka wanke, ka mayar injin zagaye ɗaya ko biyu a matse. Gwaji: tsunkule kaɗan ka jefa a kwalbar ruwa, ka girgiza, ka ɗaga ta a haske. In ya watsu kamar gajimare, ya yi. In kana ganin tsinkaye suna nutsewa, tace su da raga ka mayar da su injin. Wankin ƙarshe ka ɗiga ruwan tsami na binega har takardar gwaji ta nuna 6 zuwa 7. Kilo ɗayanka zai ba ka wajen giram 800 na kullu, inda dafuwar kiraf za ta ba ka 500 ko ƙasa.

Gauraye da ɗibar takarda

Malaina ita kaɗai takardarta santsi gare ta amma ba ta da juriya, da an ja ta yage. Tana son dogon zare ya riƙe ta, kamar yadda ake sa ciyawa a kwaɓin laka. Ƙyallayen farin yadin auduga da teloli ke sharewa sun fi komai, ga su nan buhu-buhu a shagunan 'yan uwanmu na Agege da Idi-Araba. A tabbata auduga ce: in an kusanta ta da wuta ta ci ta bar toka, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. A yayyanka ƙanana kamar farce, a dafa a ragowar ruwan soda, a daka a turmi har su saki. Ɓawon rama ma yana yi, haka tsohon kwali mai ruwan ƙasa in ba ka damu da launi ba. Kashi 7 malaina, kashi 3 dogon zare.

Firem biyu na katako masu girma ɗaya, ɗaya an ɗaure masa ragar sauro ta roba ta yi tsam, ɗayan fanko a ɗora a kai. Cika baho da ruwa, ka zuba kullu har ya yi kamar koko mai ruwa-ruwa sosai, ka dama sitacin rogo kamar na guga ka zuba kofi ɗaya, don ya ƙara ƙarfi ya rage shan tawada. Motsa ruwan da hannu, ka tsoma firem a karkace, ka miƙar da shi a ƙarƙashin ruwa, ka ɗago a kwance. Yayin da ruwan ke tsiyaya ka ɗan girgiza gaba da baya, hagu da dama, don zaruruwan su sarƙe. Cire na saman, ka kifa ragar a kan jiƙaƙƙen ƙyalle, ka danna da soso, ka ɗaga. Goman farko za su lalace, mayar da su baho, babu asara.

Jera su, takarda ƙyalle, takarda ƙyalle, har 20 ko 30, ka sa tsakanin allo biyu ka matse da jak ɗin mota. Kada ka shanya a rana tsaka, za su kanannaɗe kuma su yi rawaya. A manna su a jikin gilashi ko allo mai santsi a inuwa mai iska. Da damuna sai an haɗa da fanka, in ba haka ba kwana biyu sun yi funfuna. Takardar ofis mai giram 80, girman A4, giram 5 ce. Tamu ta kati takan kai 9 ko 10, don haka kilo ɗaya na malaina da ƙyallensa zai ba ka sama da guda 100.

Gaskiyar da ya kamata ka faɗa wa mai saye: lignin na nan a ciki, don haka in ta daɗe a haske za ta yi rawaya kamar tsohuwar jarida. Katin biki, alamar kaya, marfin littafi, kwalin turare, faifan ƙwai, duk ta yi. Wani dattijo ya taɓa tambayata ko za a rubuta Alƙur'ani a kai, na ce, "Baba, wannan sai ta auduga zalla." Mai son fara tas daga itace sai ya yi cikakkiyar dafuwar soda, kashi 18 zuwa 20 na nauyin itacen a digiri 165 zuwa 170, ko dafuwar barasar etanol da ake tatsowa a sake amfani da ita. Dukansu matsi suke so mai ƙarfi, ninki bakwai na iskar waje ko fiye. Kada wani mai walda ya ce zai haɗa maka da tsohuwar tukunyar gas. Cibiyar binciken masana'antu ta gwamnatin tarayya, FIIRO, da ke Oshodi tana binciken kullu da takarda, can ya kamata a nufa.

Baƙin ruwa

A nan gizo ke saƙar. In ka guje wa kibiritu da kulorin amma ka tuttular da ruwan soda a kwata, lagun ɗin nan dai zai tarar, ya cinye iskar da kifi ke shaƙa. Gishirin soda kuma yana kashe ƙasa, don haka ba a ban ruwa da shi.

Baƙin ruwan dafuwar farko ka sake dafuwa da shi sau biyu, kana cike shi da ruwa da soda giram 60 ko 70 maimakon 100. A karo na uku ya yi kauri. Sai ka kwaɓa shi da dusar da ka tankaɗe tun farko, ka dunƙula kamar curin fura, ka shanya, da safa a hannunka. In sun bushe su ne makamashin dafuwa ta gaba, a fili mai iska, ba a girkin abinci ba. Tokarsu kada a zubar, sodarka na ciki ta sauya kama. Jiƙa ta a ruwa ka tace, yadda marina ke tsiyayar ruwan toka, ka zuba jiƙaƙƙen laim, farar hodar nan da ake shafe bango da ita, ka juya a ɗumi, ka bar shi ya kwanta. Farin da ya zauna a ƙasa alli ne, ruwan sama kuwa soda ce ta dawo. Abin da manyan masana'antu ke yi ke nan da tanderunsu mai hawa-hawa. Ba duka za ka samu ba, amma zai rage maka zuwa Ojota.

Ruwan wanki kuma a nan durom ukun ke aiki. Kullu na bi daga na ɗaya zuwa na uku, ruwa mai tsabta na shiga ta na uku kawai. In na ɗaya ya yi duhu, ya tafi tukunya a haɗa sabuwar soda da shi, na biyu ya zama na ɗaya, na uku ya zama na biyu. Abin da ya rage dole a zubar, a sa masa alif ya kwana, a tsiyaye ta bokitin da aka jera wa tsakuwa da gawayi da yashi, a gwada. Ƙa'idar ruwan da ake saki ita ce pH tsakanin 6 da 9, kuma in aikinka ya girma ya wuce bayan gida, hukumar kare muhalli ta Jihar Legas, LASEPA, za ta nemi ganin yadda kake yi da shi. Lakar da ta kwanta a gindin durom zare ce da lignin, a kwashe ta a haɗa da curin dusa na gaba.